Wa ke riƙe da igiyar manyan kamfanonin fasaha, kuma ina Nijar ta tsaya?

Masu sayar da kayan waya a kasuwar Dole sun san cewa bakin cajar iPhone ya canza tun daga samfuri na 15 da ya fito a Satumban 2023. Yanzu cajar da ke shiga sabuwar Tecno ko Samsung ita ce ke shiga ta Apple. Ba don injiniyoyin kamfanin sun ga dama aka yi haka ba. Tarayyar Turai ce ta kafa doka a 2022 cewa daga 28 ga Disambar 2024 duk wayar da za a sayar a ƙasashenta 27 sai ta zo da bakin USB-C. Apple ya daɗe yana gardama, daga ƙarshe ya lissafa ya ga ƙera waya iri biyu ya fi tsada, sai ya canza wa duniya baki ɗaya. Masu gyaran waya kuma suna tune da sababbin Huawei da suka fara zuwa babu Play Store, babu Gmail, babu YouTube. Wannan ma umarni ne daga Washington, a Mayun 2019, da ya hana kamfanonin Amurka hulɗa da Huawei sai da izini.

Waɗannan abubuwa biyu sun isa su rushe maganar da ake yawan yi cewa Google da Meta (mai Facebook da WhatsApp) da Apple sun fi ƙarfin gwamnatoci. Sun fi ƙarfin wasu, gaskiya ne. Amma akwai gwamnatocin da in sun yi tari sai kamfanonin sun waiwayo, kuma ba kyawun rubutun doka ne ya bambanta su ba. Kamfani yana bin dokar ƙasar da ke riƙe da wani abin da ba zai iya rayuwa babu shi ba: kayan aiki, kasuwa, wutar lantarki, lasisi ko bayanai. Ƙasar da ba ta riƙe da ko ɗaya, dokarta kan talakanta take ƙarewa.

Cif, inda aka fi jan igiya

Ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT ba a iska take ba. Ana horar da ita ne a kan dubban ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ake kira cif, kuma hanyar samun cif mai ƙarfi siririya ce ƙwarai. Nvidia na Amurka ne ke tsara mafi yawansu. TSMC na Taiwan ne ke ƙera su. Injin da ke zana layukan da ido ba ya gani a jikin cif mafi inganci kuwa, kamfani ɗaya tak ke yin sa a duniya, ASML na ƙasar Holan, kuma kowane inji ya haura Yuro miliyan 150. Mutumin Damagaram da ya san yadda unguwa guda kan dogara da famfo ɗaya a tsakiyar bazara ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan ikon wanda makullin famfon ke hannunsa.

Amurka ta yi amfani da wannan makulli mataki-mataki. Tun 2019 ta matsa wa gwamnatin Holan lamba har ba a sayar wa Sin da wancan inji ba. A ranar 7 ga Oktoban 2022 ta hana kai mata cif ɗin Nvidia masu ƙarfi, A100 da H100. Nvidia ya yi dabara: ya rage saurin da cif ke magana da ɗan'uwansa, ya fitar da A800 da H800 waɗanda suka faɗo ƙasa da layin da dokar ta ja. A Oktoban 2023 aka toshe wannan kafa. Ya sake fitar da H20, wanda ya fi rauni. A Afrilun 2025 shi ma aka ce sai da lasisi. Sai ga wani abin da ba a saba gani ba a Agustan 2025: an amince a ci gaba da sayarwa bisa sharaɗin gwamnatin Amurka ta karɓi kashi 15 cikin 100 na cinikin. Dokar da aka fara da sunan tsaron ƙasa ta koma ciniki.

Takunkumin bai haifar da abin da aka so gaba ɗaya ba, kuma dalilin yana da muhimmanci. Kamfanin DeepSeek na Sin ya ce ya horar da samfurinsa na ƙirƙirarriyar basira mai suna V3 da H800 guda 2,048, wato cif ɗin da aka rage wa ƙarfi. Ƙarancin kayan aiki ya tilasta wa injiniyoyinsa neman hanyoyin tsimin lissafi. Da suka saki wani samfurin, R1, a Janairun 2025, darajar Nvidia a kasuwar hannun jari ta faɗi da kusan dalar Amurka biliyan 590 a rana ɗaya, ranar 27 ga wata. Sin kuma tana da nata makullin. A 2023 ta sa sharaɗi kan fitar da galiyom da jamaniyom, ma'adinai biyu da ake buƙata a wasu kayan lantarki, a Disambar 2024 ta hana kai su Amurka, a Afrilun 2025 ta ƙara da wasu ma'adinan da ake maganaɗisu masu ƙarfi da su.

Ba hani kaɗai gwamnati ke yi ba, tana zuba kuɗi. Dokar CHIPS ta Agustan 2022 ta ware sama da dalar Amurka biliyan 52 don a dawo da ƙera cif cikin Amurka, a Agustan 2025 kuma gwamnatin ta mallaki kusan kashi 10 cikin 100 na Intel, kamfanin ƙera cif na Amurka. Duk wanda ya taɓa jin ana yi wa ƙasashen Afirka wa'azin gwamnati ta cire hannu daga masana'antu, yana da damar yin murmushi a nan.

A Janairun 2025, kwanaki kaɗan kafin Biden ya sauka, an fitar da wata ƙa'ida da ta raba duniya gida uku wajen sayen cif: aminai da za su saya yadda suke so, ƙasashen da aka hana, da na tsakiya masu ƙayyadadden kaso, inda yawancin Afirka ta faɗa. Gwamnatin Trump ta soke ta a Mayun 2025 kafin ta fara aiki. An soke, amma an nuna cewa yawan ƙarfin lissafin da wata jami'a a Sahel za ta iya saya abu ne da wani ofishi a Washington zai iya ƙayyadewa da takarda ɗaya.

Turai ba ta da Google, amma tana da kasuwa

Ƙarfin Tarayyar Turai shi ne mutane kusan miliyan 450 masu kuɗin saye. Da shi ta kafa dokar kare bayanan sirri da ta fara aiki a 25 ga Mayun 2018, mai tarar da za ta iya kaiwa kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya baki ɗaya, ba na Turai kaɗai ba. Wannan ƙa'ida ta lissafa tara da cinikin duniya ita ce haƙorin dokar. A Mayun 2023 an ci tarar Meta Yuro biliyan 1.2, kimanin sefa biliyan 787, saboda kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka. A Afrilun 2025, ƙarƙashin dokar kasuwannin intanet, Apple ya sha tarar Yuro miliyan 500, Meta kuma miliyan 200.

Dokarta ta ƙirƙirarriyar basira ta fara aiki a 1 ga Agustan 2024. Ba na'urar take dubawa ba, aikin da aka sa ta take dubawa. Akwai ayyukan da aka haramta ƙwata-ƙwata tun Fabrairun 2025, kamar bai wa 'yan ƙasa maki bisa halayyarsu, kwashe hotunan fuskoki daga intanet barkatai don gina rumbun gane fuska, da karanta yanayin zuciyar ma'aikata ko ɗalibai. Akwai ayyuka masu babban haɗari da aka bari bisa sharuɗɗa, irin su tantance masu neman aiki, yanke wanda ya cancanci bashi, da gyaran jarrabawa: dole a rubuta yadda aka horar da na'urar, a ajiye tarihin abin da ta yanke, kuma mutum ya kasance yana da ikon soke hukuncinta. Manhajar hira kuwa dole ta gaya wa mutum cewa da na'ura yake magana, hoto ko muryar da aka ƙirƙira kuma a sa musu alama. Tara mafi girma ita ce Yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin duniya. Sai dai ko Turai ba ta tsira daga matsi ba: a Nuwamban 2025 hukumar Tarayyar da kanta ta ba da shawarar a jinkirta sashen ayyuka masu haɗari.

Kuskuren da ake yi shi ne zaton duk dokar Turai tana isowa nan kamar yadda caja ta iso. Abin da ake ƙerawa a masana'anta yana isowa, domin raba shi gida biyu tsada ne. Haƙƙi kuwa a manhaja yake, kuma manhaja ta san ƙasar da kake. Bafaranshe na iya tilasta wa kamfani ya ba shi kwafin bayanansa ko ya share su, akwai kuma hukumar da za ta bi masa kadi. Wayar ɗaya, manhajar ɗaya, mutumin Birni ko Garin Malam ba shi da wannan ƙarfi a bayansa. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna kashi 87 cikin 100 na kasafin tantance labaran ƙarya Amurka aka ware wa, sauran duniya ta raba 13. Kamfani yana zuba kuɗin tsaro ne inda yake tsoron tara.

A Amurka dokar kan canza ne da mai mulki. Biden ya sa hannu kan umarni a 30 ga Oktoban 2023 da ya wajabta wa masu manyan samfura su nuna wa gwamnati sakamakon gwajin tsaro. Trump ya soke shi a ranar da ya hau, 20 ga Janairun 2025, washegari aka sanar da shirin Stargate na gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, na dalar Amurka biliyan 500. A wannan watan ne Meta ya sanar da zai daina aiki da masu binciken gaskiyar labarai a Amurka. Kotu ma takan yi haushi fiye da cizo: alƙali Amit Mehta ya yanke a Agustan 2024 cewa Google ya yi babakere a fagen bincike, bayan an ji ya biya dalar Amurka biliyan 26.3 a 2021 kaɗai don ya zama na farko a wayoyi da manhajojin shiga intanet, amma a Satumban 2025 ya ƙi tilasta masa sayar da Chrome, manhajarsa ta shiga intanet. A Sin babu wannan ja-in-ja. An dakatar da sayar da hannun jarin Ant Group, kamfanin biyan kuɗi ta waya, a Nuwamban 2020, aka ci Alibaba tarar yuwan biliyan 18.2 a Afrilun 2021, kuma tun Agustan 2023 manhajar basira da za a buɗe wa jama'a sai ta bi ƙa'idojin hukuma kan abin da za ta faɗa.

Abin da ke hannun Nijar

Najeriya, mai mutane sama da miliyan 220, ta gwada ƙarfinta. Ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, har kamfanin ya yarda da yin rajista da biyan haraji, ko da yake kotun CEDEAO ta ce rufewar ta saɓa doka. A Yulin 2024 hukumarta ta kare masu saye ta ci tarar Meta dalar Amurka miliyan 220, Meta kuma ya yi barazanar janye Facebook da Instagram. Bai janye ba. Nijar, da mutanenta ba su kai miliyan 30 ba kuma kuɗin tallan da ake samu daga gare su kaɗan ne, ba ta da irin wannan nauyi. Tana da dokar kare bayanan sirri tun 2017, wadda aka sabunta a Disambar 2022, tana da hukumar HAPDP mai kula da ita. Amma kamfanin da ba shi da ofishi ko asusun banki a Yamai, ta ina za a kama shi?

Shi ya sa nauyin doka ke sauka kan wanda hannu ke iya kaiwa. Dokar laifukan intanet ta 2019 an sassauta ta a 2022, sai aka dawo da hukuncin ɗauri a Yunin 2024 kan ɓata suna, zagi, da yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a. A aikace, idan muryar wani babba da aka haɗa da na'ura ta zagaya zaurukan WhatsApp, kamfanin da ya yi manhajar yana wata nahiya, wanda ya tura ta daga Zinder kuwa lambarsa na da rajista da sunansa. Ɗayan makamin shi ne yanke reso, kamar yadda aka yi na kusan kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021. Meta bai ji a jikinsa ba. Ɗan kasuwar da ke tura hoton kaya da farashi zuwa Kano ko Agadas shi ya ji.

Inda ƙasar ke da iko na gaske shi ne lasisi da hanyar da reso ke bi. Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecom duk suna ƙarƙashin hukumar ARCEP mai kula da sadarwa, kuma rikicin haraji na ƙarshen 2018 yana cikin abin da ya gabaci ficewar Orange a 2019. Starlink ma sai da ya zauna da hukuma a Oktoban 2024 kafin ya fara aiki bisa ƙa'ida a Maris na 2025, ko da yake kafin nan na'urorinsa na shigowa ta iyaka. Lokacin ba da lasisi ne kaɗai ƙaramar ƙasa ke da bakin kafa sharaɗi, na haraji ne, na farashi ne ko na haɗa makarantu da asibitoci. Da zarar an sa hannu, damar ta wuce sai ranar sabuntawa. Aikin shimfiɗa wayar fiba mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, yana da reshen da ya tashi daga Zinder ya bi ta Magaria zuwa iyakar Najeriya. Amfaninsa ba sauri kaɗai ba ne: ƙasar da ba ta da teku, in hanyarta ta fita ɗaya ce, maƙwabci ɗaya ya isa ya rufe ta.

Maganar kuran ta fi komai yanke buri. H100 guda ɗaya na shan wat 700. Cibiyar da kamfanin xAI ya gina a Memphis ta Amurka a 2024 ta fara da guda 100,000, wato megawat 70 na cif kaɗai, ban da sanyaya ɗaki da sauran injuna. Madatsar Kandaji, in an gama ta, megawat 130 aka tsara za ta bayar. Kuma kowa a nan yana tune da Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Horar da babban samfuri a gida ba shi ne abin da ya kamata a sa gaba ba. (Wani abin lura a gefe: ƙishirwar wutar ta kai Microsoft ga yarjejeniyar farfaɗo da tashar nukiliyar Three Mile Island a Satumban 2024, ke nan uraniyom irin na Arlit ya shiga lissafin wannan fasaha ta bayan gida.)

Abin da ofishi ko jami'a za su iya yi yau

Ƙananan samfuran da masu su suka saki kowa ya sauke, irin su Llama, Qwen, Mistral da DeepSeek, suna aiki ba tare da intanet ba. Mai ma'auni (lambobin da samfuri ya koya, da su ake auna girmansa) biliyan 7 zuwa 8, in an matse shi, bai wuce gigabait 5 ba, kuma kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 16 za ta ɗauke shi, sai dai a hankali. Mai biliyan 70 yana son kusan gigabait 40 da katin lissafi mai tsada. Ga sashen koyar da kwamfuta a Jami'ar André Salifou, ko asibitin da ba ya son bayanan marasa lafiya su fita gari, wannan hanya ce mai yiwuwa. Abin da ke lalata ta sananne ne: zafin Afrilu da ke sa injin rage gudu don kare kansa, ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da hawa da saukar kuran da ke ƙona akwatin wuta in babu na'urar daidaitawa da batirin ko-ta-kwana. Samfurin kuma yana zuwa da siyasar gidansu. Manhajar DeepSeek kan kauce wa tambaya kan abin da ya faru a dandalin Tiananmen a 1989, na Amurka su ma suna da iyakokin da kamfanoninsu suka ja.

Wanda zai sayi aiki daga kamfanin waje kuwa, kwangila ce dokarsa. A rubuta ƙasar da za a ajiye bayanan, a rubuta wanda ke riƙe da makullin ɓoye su, a hana amfani da su wajen horar da wani samfuri sai da izini a rubuce, a kuma tanadi cewa ranar rabuwa za a miƙa su cikin tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa. Ajiye su a Yamai kaɗai bai wadatar ba. Dokar CLOUD ta Amurka ta 2018 ta bai wa hukumominta damar neman bayanai daga kamfanin Amurka ko ina ya ajiye su, dokar leƙen asirin Sin ta 2017 kuma ta wajabta wa kamfanoninta ba da haɗin kai. Idan makullin yana hannun mai bayanan, abin da kamfanin zai iya miƙawa rubutu ne da ba ya karantuwa.

Saura harshe. Kundin da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma wannan shawara ce ta siyasa da za ta iya shafar fasaha fiye da wata dokar tara, in an bi ta da aiki. Samfura suna koyo ne daga rubutun da suka samu, Hausar da ke intanet kuma ba ta da yawa, mafi rinjayenta ta Najeriya ce, wani ɓangarenta ma babu ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Sakamakon yana fitowa a ƙananan abubuwa masu tsada: a ce wa na'ura dala ashirin, ta ɗauka kuɗin Amurka ne alhali sefa 100 ake nufi, jaka biyar kuma ta zata abin zuba kaya ne. A manhajar lissafin shago ko ta bashin manoma, wannan asara ce kai tsaye. Hukunce-hukuncen kotu, littattafan lakwal, shirye-shiryen da gidan rediyon ƙasa ya tara shekara da shekaru, da rubuce-rubucen ajami da ke hannun malaman Damagaram, duk babu su a rumbun wani kamfani. Kafin a miƙa su ga duk wanda ya zo da tayin kwafe su kyauta, sai an san wa ya mallaki muryoyin da rubutun, an nemi yardar masu su, an kuma rubuta a yarjejeniya cewa kwafin da aka gyara da samfurin da aka horar da shi za su dawo hannun jami'o'in ƙasar ba tare da biyan kuɗi ba.